Jadawalin FIFA da ƙasashen da ƙwallonsu ke tasowa: tambayoyi da amsoshi

Duk ranar da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta fitar da sabon jadawalin ƙasashe, sai musu ya kaure. Wasu na murnar an hau matakai uku, wasu na cewa lissafin ofis ne, ba a fili aka yi shi ba. Ga ƙasar da ta riga ta kafu, hawa ko sauka abin hira ne kawai. Ga ƙasar da ƙwallonta ke tasowa kuwa, lambar nan tana da hannu a yawan wasannin da tawagarta za ta samu, da irin abokan karawar da za a haɗa ta da su, har da inda ɗan wasanta zai iya zuwa neman abinci. Ga tambayoyin da magoya baya, 'yan jarida da masu horarwa suka fi maimaitawa.

Mene ne jadawalin FIFA, kuma tun yaushe ake fitar da shi?

Jeri ne na manyan tawagogin maza na ƙasashe mambobin FIFA, waɗanda yawansu ya kai 211, daga mai maki mafi yawa zuwa mai mafi ƙaranci. An fara fitar da shi a watan Disamba 1992, ya zama na a kai a kai daga Agusta 1993. Sau uku ana sauya hanyar lissafin: a 1999, da 2006, da 2018. Wadda ake aiki da ita yanzu ta fara ne a Agusta 2018, bayan gasar cin kofin duniya ta Rasha, kuma an aro tushenta daga tsarin Elo, wanda aka daɗe ana auna gwanayen wasan darar nan ta ces da shi.

Mai kwatanta jiya da yau ya riƙa tuna wannan. Mataki na 5 da Najeriya ta taka a Afrilu 1994, bayan ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, da na 9 da Masar ta kai a 2010, duk da wani mudu daban aka auna su, ba da na yanzu ba.

Yaya ake lissafa makin?

Kowace tawaga tana shiga fili da makin da ta tara. Kafin a take leda, ana duba tazarar da ke tsakanin makin ɓangarorin biyu, a fitar da abin da ake tsammani daga kowanne. Bayan an tashi, sai a ɗauki abin da ya faru, a cire abin da aka yi tsammani, a ninka ragowar da nauyin wasan. Nasara darajarta 1 ce, canjaras 0.5, rashin nasara 0. Idan bugun fenariti ne ya raba gardama, wadda ta ci tana da 0.75, wadda aka fitar tana da 0.5, tamkar ta yi canjaras.

Misali ya fi bayani. A ce tawaga mai maki 1200 ta haɗu da mai 1500 a wasan neman gurbi, wanda nauyinsa 25 ne. Tazarar maki 300 tana ba babbar tsammanin 0.76, ƙaramar 0.24. In ƙaramar ta yi nasara, ta samu maki 19, babbar ta rasa 19. In aka tashi kunnen doki, ƙaramar ta samu 6.5, babbar ta rasa 6.5. In babbar ta ci kamar yadda aka zata, maki 6 ne kacal zai koma hannunta. Wato ƙaramar tawaga in ta haɗu da babba, ribarta ta fi asararta yawa nesa ba kusa ba.

Abu biyu ba sa cikin lissafin maza: yawan ƙwallayen da aka zura, da inda aka buga wasan. Ci ɗaya mai ban haushi da ruwan ƙwallaye bakwai duk ɗaya ne, nasara a gida da nasara a waje ma haka.

Duk wasanni nauyinsu ɗaya ne?

Ko kusa. Wasan sada zumunta da aka buga ba a cikin ranakun da FIFA ta ware wa ƙasashe ba, nauyinsa 5 ne. Wanda aka buga a cikin ranakun, 10. Wasan rukuni na gasar lig ta ƙasashe, irin wadda Turai ta fara a 2018, 15 ne. Wasannin neman gurbin kofin duniya ko na nahiya, 25. A gasar nahiya kanta, kamar kofin Afirka ko na Asiya, 35 ne kafin kwata fainal, 40 daga nan zuwa ƙarshe. A kofin duniya 50 ne, ya koma 60 daga kwata fainal. Wasa ɗaya a kofin duniya ya kai wasannin sada zumunta biyar, ko ma goma.

Akwai sassauci guda da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a zagayen sili ɗaya ƙwale na babbar gasa, ba a cire wa wadda aka doke maki. Maroko ta ci moriyar wannan a Katar a 2022. Ta yi canjaras da Kuroshiya, ta doke Beljiyam da Kanada, ta fitar da Sifaniya a bugun fenariti, ta doke Fotugal, sannan rashin nasarar da ta yi a hannun Faransa da Kuroshiya a ƙarshe bai rage mata komai ba. Ta je gasar tana ta 22, ta dawo tana ta 11.

Tawaga ta ci wasanninta amma ta sauka a jadawali. Ta yaya?

Mataki ba maki ba ne. Tawaga na iya ƙara maki uku ko huɗu ta hanyar doke raunanan abokan karawa, amma wata da ke bayanta ta kwashi ashirin saboda ta kayar da babba, sai ta tsallake ta. A tsakiyar jadawalin kuma ƙasashe a cunkushe suke, 'yan maki kaɗan ke raba su, don haka hawa ko saukar matakai huɗu ko biyar sau da yawa ba ya nuna wani canji na gaske. Wanda ke son ya san halin da tawagarsa ke ciki, makin zai duba na tsawon shekara biyu ko uku, ba matakin wata ɗaya ba.

Tunda ba a ba da kofi a kansa, me ya sa ƙasa mai tasowa za ta damu da shi?

Saboda ranar jefa ƙuri'a. Idan za a haɗa rukunai, ana zuba ƙasashe cikin tukwane bisa matakinsu, a zaro ɗaya daga kowace tukunya. Wadda ke tukunyar farko ba za ta haɗu da takwarorinta masu ƙarfi ba a rukuni. Wadda ke tukunya ta huɗu ko ta biyar kuwa ta san cewa ƙasashe uku ko huɗu da suka fi ta a takarda suna jiranta. Tun daga gasar 2018 da jadawalin ake raba duk tukwanen kofin duniya, ba ta farko kaɗai ba, haka kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta yi wajen raba ƙasashen Afirka 54 zuwa rukunai tara na neman gurbin 2026.

A nan ne abin yake zama zagaye. Ƙaramin mataki yana jawo rukuni mai tsauri, rukuni mai tsauri yana hana zuwa gasar nahiya, rashin zuwa gasar yana hana samun wasanni masu nauyin 35 da 40, sai makin ya tsaya cik har wata ƙuri'ar ta zo. Mai shi ake ƙara wa. Shi ya sa hawa daga tukunya ta huɗu zuwa ta uku ya fi wa ƙasa mai tasowa amfani a kan duk wani kanun labari na cewa ta shiga cikin ɗari na farko. Jami'in hukumar da ya san aikinsa yana sane da watan da za a ɗauki jadawalinsa a yi rabon tukwane, da makin da ya raba ƙasarsa da ta ƙarshe a tukunyar da ke sama.

Wace illa ce mafi girma ga ƙasashen da ke can ƙasan jadawali?

A ganina zagayen share fage ne, kuma ba a cika maganarsa ba. A neman gurbin kofin duniya na 2022, ƙasashen Afirka 26 da ke sama sun wuce kai tsaye zuwa matakin rukuni, 28 na ƙasa kuma aka haɗa su gida da waje a Satumba 2019. Cikin mako guda ƙasashe 14 suka yi ban kwana da gasar da saura fiye da shekara uku a fara ta. Kowaccensu ta rasa wasannin rukuni shida masu nauyin 25, ta rasa kuɗin shiga fili, ta rasa dalilin da zai sa gwamnati ko kamfani ya saki kuɗin tara 'yan wasa. Asiya ma haka ta yi a Oktoba 2023 da ƙasashenta 20 na ƙasa.

Duba waɗanda aka zubar a wancan zagayen na 2019. Angola ta fitar da Gambiya, Togo ta fitar da Komoros. A Janairu 2022, a gasar kofin Afirka ta Kamaru, Komoros ta doke Gana 3-2 ta fito daga rukuni, Gambiya kuma, wadda ta je tana ta 150 a duniya, ta doke Tunisiya da Gini ta kai kwata fainal. Tawagogi ne da suka cancanci a gan su cikin wasanni shida, amma lambar da suke ɗauke da ita ta sa aka yanke musu hukunci cikin biyu. Somaliya ma ta doke Zimbabuwe 1-0 a wasan farko na zagayen, aka fitar da ita a na biyu, shi ke nan.

Gyaran da CAF ta yi a neman gurbin 2026, inda kowace ƙasa ta shiga rukuni mai wasanni goma, ya fi duk wani kwaskwarima ga hanyar lissafi amfani ga ƙananan tawagogi. Tawagar da ba ta buga wasa ba ta koyo, wadda ba ta koyo kuma ba ta hawa.

Shiga tukunyar farko tabbacin nasara ne?

A'a. A zagayen ƙarshe na neman gurbin 2022 a Afirka, ƙasashe biyar da suka fi mataki, wato Senegal, Maroko, Tunisiya, Aljeriya da Najeriya, sun samu gatar buga wasa na biyu a gida. Biyu daga cikinsu ba su je Katar ba. Gana ta riƙe Najeriya babu ci a Kumasi, aka yi 1-1 a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Kamaru kuma ta je har Blida ta fitar da Aljeriya. A Nuwamba 2025 Najeriya ce ke kan gaba a mataki cikin ƙasashe huɗu da suka buga wasan cike gurbi a Maroko, ta doke Gabon, amma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da ita a bugun fenariti. Tun kafin nan, Nijar ta samu gurbin kofin Afirka na 2012 daga rukunin da ke da Afirka ta Kudu, Saliyo da Masar mai riƙe da kofin. Tukunya tana sauƙaƙa hanya ne, ba ta buga wa kowa wasa.

Me ya sa manyan ƙasashe ba sa son wasan sada zumunta da ƙanana?

Kaɗan daga dalilin na lissafi ne: kamar yadda misalin da ke amsar lissafin maki ya nuna, ribar babba kaɗan ce in ta ci, asararta kuwa mai yawa in ta gaza. Amma babban dalilin kuɗi ne da lokaci. Manyan tawagogi suna neman abokin karawar da zai cika fili ya ja masu talla, kuma tun da Turai ta fara gasar lig ta ƙasashe a 2018, yankin Amurka ta Arewa da Karibiyan ya bi sahu a 2019, ranakun da a da ake wasan sada zumunta sun cike da wasannin gasa. Ƙofar da ƙasar Afirka ko Asiya ke bi ta gwada ƙarfinta da ta Turai ta ƙara ƙuntata.

FIFA ta ɗan taɓa matsalar a Maris 2024, inda ta fara shirya jerin wasannin sada zumunta tsakanin ƙasashen nahiyoyi daban-daban, tana taimakawa da kuɗin tafiya. Abu ne mai kyau, sai dai nauyinsu na sada zumunta ne.

Da gaske ne matakin ƙasa na iya hana ɗan wasanta zuwa Ingila?

Gaskiya ne, kuma a nan ne jadawalin yake taɓa rayuwar mutum ɗaya kai tsaye. Baƙon ɗan wasa yana buƙatar amincewar hukumar ƙwallon Ingila kafin ya samu izinin aiki. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ana duba matsayin ƙasarsa da kason wasanninta da ya buga cikin shekara biyu. In ƙasar tana cikin goman farko, kashi 30 cikin ɗari ya ishe shi ya wuce kai tsaye. Daga ta 11 zuwa ta 20, kashi 40. Daga ta 21 zuwa ta 30, kashi 50. Daga ta 31 zuwa ta 50, kashi 70. Wanda ƙasarsa ke bayan ta 50, ko da bai taɓa fashin wasa ɗaya ba, ba shi da wannan hanyar. Sai ya tara maki 15 ta wasu ƙofofin: ƙarfin lig ɗin da yake bugawa, mintunan da ya samu a kulob, da wasannin nahiya.

Ka ga yara biyu masu baiwa ɗaya, ɗaya ƙasarsa ta 48, ɗaya ta 55, hanyarsu ta bambanta ba don wani laifin na biyun ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan wasan ƙananan ƙasashe kan fara ya da zango a Beljiyam, Fotugal, Faransa ko arewacin Turai. A 2023 an sassauta, aka ba ƙungiyoyin Firimiya da na rukuni na biyu damar ɗaukar har 'yan wasa huɗu da ba su cika sharaɗin ba. Ya rage kaifin matsalar, bai kawar da ita ba.

Kuɗin da FIFA ke ba ƙasashe ya danganta da mataki?

A'a. Shirin tallafin raya ƙwallo na FIFA, wanda aka fara a 2016, bai duba jadawali. A zangon 2023 zuwa 2026 kowace hukuma na iya karɓar har dala miliyan 8, ta farko da ta ƙarshe duk ɗaya, in ta cika sharuɗɗan kashewa da bincike. Inda mataki ke taɓa aljihu shi ne ta bayan fage: kuɗin halartar gasa, abin da ake biyan tawaga don ta zo wasan sada zumunta, da sha'awar kamfanonin talla da na kayan wasa.

Ana iya yi wa jadawalin dabara?

A tsohon tsari, na 2006 zuwa 2018, ana iyawa ƙwarai. Matsakaicin makin wasanni ake ɗauka, kuma wasan sada zumunta makinsa kaɗan ne, don haka ko cinsa ka yi yana iya ja maka matsakaicin ƙasa. Wasu suka gano cewa mafita ita ce a daina buga shi. Romaniya da Wales sun samu tukunyar farko a ƙuri'ar neman gurbin 2018 a Turai, alhali Italiya da Faransa suna ta biyu. Folan ta yi kusan shekara guda ba wasan sada zumunta, ta shiga tukunyar farko a gasar Rasha, Sifaniya da Ingila suna ta biyu. Da aka je fili, Senegal ta doke ta 2-1, Kolambiya ta ci ta 3-0, ta ƙare a ƙarshen rukuni.

Tsarin yanzu ya toshe wannan kafar, tunda nasara ba ta taɓa rage maki. Abin da ya rage ɗan zaɓe ne: a gayyato tawagar da matakinta ya fi ƙarfinta na yanzu, a buga da ita a gida, a cikin ranakun FIFA. Ba laifi ba ne, amma ribar ba ta wuce 'yan maki ba. Hukumar da ta mai da wannan sana'a, ta riƙa kauce wa abokan karawar da za su tona raunin tawagarta, tana sayen lamba ne da ilimin da 'yan wasanta suka fi buƙata.

Tsarin yana nuna wa wasu nahiyoyi bambanci?

A da, ƙarara. Tsohon lissafin yana ninka makin da darajar nahiya: Turai da Amurka ta Kudu suna kusa da 1, Afirka, Asiya da sauran suna wajen 0.85. Nasara iri ɗaya, lada daban. An cire wannan a 2018.

Amma akwai abin da ya saura, wanda ba a rubuta a doka ba. Tunda makin da ɗaya ya samu daga hannun ɗaya yake fitowa, ƙasashen nahiya guda in suna karawa da juna, makinsu ne kawai ke zagayawa a tsakaninsu. Sabon maki yana shigowa nahiya ne in an doke baƙo, musamman a kofin duniya, ko ta sassaucin zagayen sili ɗaya ƙwale da aka ambata a amsar nauyin wasanni. Da aka koma sabon tsari kuma, daga matakan da tsohon ya bari aka fara, wato an gaji wani ɓangare na bambancin. Ƙarin gurabun Afirka a kofin duniya daga biyar zuwa tara na kai tsaye, da na Asiya zuwa takwas, zai buɗe hanyar shigo da maki in an yi nasara, haka kuma zai buɗe ta fitarsa in an sha kashi a rukuni.

Rashin lissafa gida da waje ma yana cutar masu ƙaramin ƙarfi ta wata fuskar. Ƙasashe da dama a Afirka, ciki har da Nijar, sun karɓi baƙuncin wasannin neman gurbi a filayen Maroko saboda CAF ba ta amince da nasu ba. Sun rasa ihun magoya baya da yanayin da suka saba, amma a takarda babu abin da ya nuna haka.

Kofunan matasa da na Olamfik suna shiga lissafi?

Ba sa shiga. Kofunan duniya biyar da Najeriya ta ɗauka a matakin 'yan ƙasa da shekara 17, da zinaren Atlanta na 1996, da na Kamaru a Sidni a 2000, ba su ƙara wa babbar tawaga maki ko ɗaya ba. Wasannin babbar tawaga kaɗai ake ƙirgawa. Gasannin shiyya, irin na kudancin Afirka ko na gabashinta, ana ɗaukarsu a matsayin wasannin sada zumunta.

Me ke faruwa in aka dakatar da ƙasa ko ta daina buga wasa?

A tsarin yanzu makin yana tsayawa inda yake, ba ya narkewa. Asarar ita ce ta damar da ta wuce. FIFA ta dakatar da Kenya da Zimbabuwe a Fabrairu 2022 saboda katsalandan ɗin gwamnati, duka biyun suka rasa neman gurbin kofin Afirka na 2023 gaba ɗaya. Eritiriya ta janye daga neman gurbin kofin duniya na 2026, kuma rashin wasan da ta daɗe tana yi ya kai ga cire sunanta daga jadawalin. A tsofaffin tsare-tsare hukuncin ya fi zafi: Najeriya ta ƙaurace wa kofin Afirka na 1996, aka hana ta shiga na 1998, kuma a Nuwamba 1999 ta tsinci kanta a mataki na 82, shekara biyar da 'yan watanni bayan tana ta 5. 'Yan wasan ba su manta ƙwallo ba, wasannin da ake ƙirgawa ne suka yi ƙaranci.

Akwai ƙasar da ta taso daga can ƙasa ta yi sama?

Akwai, kuma hanyoyinsu sun cancanci nazari. Cape Verde, tsibirai masu mutane kusan rabin miliyan, tana ta 182 a shekarar 2000. Ta nemo 'ya'yanta da aka haifa a Fotugal, Holan da Faransa, ta fitar da Kamaru ta je kofin Afirka na 2013, ta kai ta 27 a Fabrairu 2014. Ranar 13 ga Oktoba 2025 ta doke Eswatini 3-0 a Praia, ta samu gurbin kofin duniya a karon farko, Kamaru tana bayanta a rukuni. Aisilan tana ta 131 a 2012. Ta riga ta zuba kuɗi a filayen wasa masu rufi da horar da masu horarwa, ta fitar da Ingila a gasar Turai ta 2016, ta kai ta 18 a 2018, shekarar da Ahmed Musa ya zura mata biyu a Rasha. Muritaniya ta faɗi har ta 206 a 2012, ta gyara lig ɗinta da filinta, ta je kofin Afirka sau uku a jere daga 2019, ta doke Aljeriya 1-0 a Janairu 2024.

Babu ɗaya cikinsu da ta fara da neman mataki. Fili, koci mai zama, tara 'yan wasa a duk ranakun FIFA, biyan alawus a kan lokaci: lambar daga baya ta biyo. Kuma aikin shekara goma ne zuwa sama, ba na kaka ɗaya ba. Aisilan ta sake yin ƙasa bayan tsarar da ta ɗaga ta ta tsufa, abin da ke nuna cewa ƙaramar ƙasa ba ta da rarar 'yan wasan da za ta huta a kansu.

Ya dace a auna koci da jadawalin?

Da taka-tsantsan. Kocin da ke sa matasa, yana karɓar wasa da waɗanda suka fi shi, zai iya zubar da 'yan maki a shekarar farko alhali tawagar na gyaruwa. Wanda ke tsoron lambar zai liƙe wa tsofaffin 'yan wasa da abokan karawa masu sauƙi. Tom Saintfiet ya karɓi Gambiya a 2018, Angola ta fitar da shi daga neman gurbin kofin duniya a 2019, hukumar ta bar shi a kan aiki, kuma shi ne ya kai su kwata fainal ɗin da aka ambata a amsar zagayen share fage. In za a sa jadawalin cikin kwantiragi, gara a ɗaure shi da tukunya a ƙuri'a mai zuwa, ba da matakin kowane wata ba. A ɗaya gefen kuma, Beljiyam ta shafe fiye da shekara uku a mataki na ɗaya daga 2018 ba ta ɗauki kofi ba.

Na mata ma haka yake aiki?

Na mata daban ne, an fara shi a 2003, kuma ya riga na maza amfani da tsarin Elo da shekara goma sha biyar. Yana lissafa tazarar ƙwallaye, yana kuma ƙara wa mai masaukin baƙi maki 100 wajen fitar da abin da ake tsammani, don haka nasara a waje ta fi ta gida lada, kuma rashin nasara da ci ɗaya a hannun babbar tawaga bai zama ɗaya da shan kashi da shida ba. Ta wannan fuskar ya fi na maza adalci ga mai tasowa. Matsalarsa ƙarancin wasanni ce, wadda ta fi ta maza muni: tawagogin mata da yawa ba a tara su sai wasan neman gurbi ya ƙarato, a yi gida da waje, a watse. Ko Super Falcons ta Najeriya, da ta ɗauki kofin Afirka karo na goma a Rabat a 2025, kuma ta riƙe Ingila babu ci har bugun fenariti a kofin duniya na 2023, ba ta samun isassun wasanni da manyan tawagogin Turai da Amurka da za su ɗaga makinta zuwa inda ƙwallonta ya kai.